Mintunan Ƙarshe Kafin Sauka: Yadda Ƙananan Jirage Ke Faɗuwa a Bakin Filayen Arewa

A ranar 17 ga Janairun 1996 wani ƙaramin jirgin sama ƙirar HS-125, ɗaya daga cikin jiragen fadar shugaban ƙasa, ya taso daga Legas ya nufi Kano. Ya cinye kusan dukkan tafiyarsa lafiya. Sai da ya zo gab da sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, saura 'yan kilomitoci ya taɓa titi, sannan ya faɗi a bayan gari. Mutum 14 ne a cikinsa, babu wanda ya tsira. Cikin mamatan akwai Ibrahim, babban ɗan shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Sani Abacha, da Bello Dangote, ɗan'uwan Alhaji Aliko Dangote.

Hatsarin ya zo a lokacin da ƙasa take cikin zaman ɗar-ɗar. Wata biyu ke nan da rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas, an dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma a cikin kwanakin ne bam ya tashi a otal ɗin Durbar na Kaduna. Wata ƙungiya da ba a san ta ba kafin nan, mai kiran kanta United Front for Nigeria's Liberation, ta yi iƙirarin ita ta kakkaɓo jirgin. Ba a taɓa tabbatar da wannan iƙirari a bainar jama'a ba, amma ya isa ya karkatar da zancen mutane daga batun tuƙi da yanayi zuwa batun maƙarƙashiya, kuma can zancen ya tsaya shekara da shekaru.

Jirgin na gwamnati ne, ba na haya ba. Duk da haka irinsa ne dai ake ɗauka shata a Nijeriya har yau: ɗan ƙaramin jirgi mai inji biyu, ƙirar Ingila da ta fara tashi a 1962, matuƙa biyu a gaba, 'yan kujeru a baya. Tafiyarsa ma iri ɗaya ce da ta jirgin shata, domin buƙatar fasinja ce ke tsayar da lokacin tashi da wurin sauka, ba jadawalin kamfani ba. Kuma wurin da ya faɗi shi ne inda irin waɗannan jirage suka fi faɗuwa a ko'ina a duniya. Ƙididdigar da kamfanin Boeing ke fitarwa duk shekara ta daɗe tana nuna cewa kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a cikinsa yana aukuwa ne a gangarowar ƙarshe da sauka, alhali wannan zango bai wuce kashi huɗu cikin ɗari na lokacin tafiya ba.

Yadda ake gangarowa

Jirgi ba ya faɗo wa titi daga sama kai tsaye. Tun yana da nisa yake shiga wani layi da ya miƙe daga bakin titin, ya riƙa gangarowa a kan karkata ta digiri uku, wato yana rage kimanin mita 50 na tsawo a kowace kilomita. Idan saura kilomita biyar, tsakaninsa da ƙasa bai fi mita 270 ba, yana kuma gudun da ya haura kilomita 200 a awa. A wannan ɗan tsakani matuƙi zai rage ƙarfin inji, ya sauke tayoyi, ya buɗe faifan bayan fukafukai domin jirgin ya iya tafiya a hankali ba tare da ya rasa ɗaukar iska ba, yana magana da hasumiyar filin, yana kuma karanta jerin abubuwan dubawa tare da mataimakinsa. Gudun da ake sauka da shi bai fi gudun da fukafukai ke daina ɗaukar jirgi nisa sosai ba. A can sama, kuskure yana da filin gyara na dubban mitoci. A nan ƙasa, daƙiƙoƙi ne.

Manyan filaye suna da na'urar da ake kira ILS. Siginar rediyo biyu take aikawa: ɗaya tana gaya wa matuƙi ko ya kauce dama ko hagu daga tsakiyar titi, ɗayar tana gaya masa ko ya yi sama ko ƙasa da layin gangarowa. A matakinta na farko, wanda shi ne aka fi samu, tana raka jirgi har zuwa ƙafa 200, kimanin mita 60 daga ƙasa. Nan ne mahaɗar yanke shawara. Mataimaki yana kiran tsawo da baki, matuƙi yana ɗaga ido daga allo zuwa gilashi. In ya ga titi ko fitilunsa, ya ci gaba. In bai gani ba, doka ba ta ba shi zaɓi ba: ya tura wa injuna wuta, ya ɗaga hanci, ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya nemi wani fili. Daga wannan tsawo zuwa ƙasa bai fi daƙiƙa ashirin ba. Inda babu ILS, ko ta lalace, matuƙi yana saukowa ne mataki-mataki zuwa wani tsawo da aka iyakance masa, ya tsaya a kansa yana neman titi da ido, kuma wannan hanya ta fi waccan cin rai nesa ba kusa ba.

Akwai kuma na'urar auna tsawo, wadda da nauyin iska take aiki. Kafin sauka hasumiya tana karanta wa matuƙi adadin nauyin iskar filin, ya murɗa wani ɗan maɓalli ya saita. Kuskuren lamba ɗaya yana nufin kimanin mita takwas. Wanda ya ji 1013 a madadin 1003 zai ga allonsa yana nuna masa yana da sauran mita 80 da ba shi da su, abin da ya fi duk tazarar da ILS ta bar masa. Jirgi lafiyayye, injuna suna aiki, matuƙi yana riƙe da shi, sai ya shiga ƙasa ko bishiya ba tare da kowa a ciki ya san abin da ke tafe ba. Irin wannan ne ya sa tun tsakiyar shekarun 1970 Amurka ta wajabta wa manyan jirage na'urar da ke ihu idan ƙasa ta matso. Ƙananan jirage sun daɗe kafin dokar ta iso gare su.

Ka'idar da kamfanoni ke koyarwa ita ce, idan jirgi ya sauko ƙafa 1,000 cikin gajimare ko hazo, ko ƙafa 500 a sarari, bai daidaita gudunsa da layinsa ba, to a fasa sauka. Gidauniyar Flight Safety Foundation ta gano cewa kusan kashi uku cikin ɗari ne kawai na irin wannan gangarowa ake fasawa. Sauran duk ana lallaɓawa a sauka, kuma galibi a sauka lafiya, wanda shi ne ke ƙara wa matuƙa ƙarfin gwiwar maimaitawa.

Hazo, hadari da faɗuwar rana

Arewacin Nijeriya yana da yanayi biyu da ke wahalar da mai sauka. Na farko hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. Hazo yana da wata yaudara da mai tafiya a ƙasa bai san ta ba. Matuƙin da ke shawagi a saman Kano ko Sakkwato yana iya leƙawa ƙasa ya ga rufin kwano da tituna sarai, domin kaurin ƙurar da idonsa ke ratsawa kai tsaye ba shi da yawa. Da ya juyo ya hau layin sauka, sai ya zama yana kallo ne a karkace ta cikin kilomitoci na ƙura, titin da ya gani ɗazu ya ɓace. Abin da ya gani daga sama ya riga ya sa masa rai cewa titin na nan gaba kaɗan, sai ya ƙara saukowa yana nema.

Mafi munin hatsarin sauka a tarihin Kano a cikin hunturu ya faru. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko shata domin jigilar alhazai, ya taso daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafar tayarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202, kuma a lokacin babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan mamata a duniya.

Na biyu hadarin damina, musamman na farkonta. Gajimaren hadari yana iya sako iska mai ƙarfi da ke dukan ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta yana fara cin karo da iska ta gaba, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya rage wuta. Cikin daƙiƙoƙi iskar ta juya ta koma bayansa, gudun ya zube, jirgin ya nutse. Irin wannan juyin iska ne ya kayar da jirgin ADC mai zuwa Sakkwato jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, inda mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. A ranar 21 ga Mayun 2021 kuma, da yamma, ƙaramin jirgin sojan sama ƙirar King Air 350 da ya ɗauko Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, daga Abuja ya faɗi a kusa da filin jirgin sama na Kaduna. Zariya za shi, bikin yaye sababbin sojoji washegari. An karkatar da jirgin daga filin soja zuwa na farar hula saboda yanayi, kuma hedikwatar tsaro ta danganta hatsarin da rashin kyawun yanayin. Duk mutum 11 da ke ciki sun rasu.

Karkatar da jirgi abu ne da ke yawan fitowa a waɗannan labarai. Matuƙi ya shirya wa fili ɗaya, sai a mintunan ƙarshe ya koma wani, da sabuwar taswira, da sababbin lambobin rediyo, mai kuma yana raguwa. A ranar 26 ga Yunin 1991 jirgin Okada Air da ya kasa sauka a Kano saboda yanayi ya nufi Sakkwato, ya yi ta kewaya yana neman filin har mansa ya ƙare, ya yi saukar dole a daji, aka rasa rayuka.

Sai duhu. Filayen Arewa da yawa suna bayan gari, kewaye da gonaki da babu ko fitila ɗaya. Matuƙin da ke kallon fitilun titi kaɗai a cikin baƙin dare, babu komai tsakaninsa da su, idonsa yakan raya masa cewa ya yi sama da yawa, sai ya sauko ƙasa da layi. Ranar 25 ga Oktoban 2012 Gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ya tuƙo ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208 da kansa daga Jalingo ya faɗi kafin ya kai filin Yola. Ba a mutu nan take ba, amma gwamnan bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har rasuwarsa a 2017. Rahoton masu bincike ya ce ba shi da cancantar tuƙa wannan jirgi, kuma ya ci gaba da tafiya ta dogaro da ido bayan rana ta faɗi.

Wanda ya biya kuɗin shata

Duk wanda ya taɓa ɗaukar mota shata a tashar Talata Mafara ya san cewa direba ba ya tashi sai mai shata ya shirya, kuma ba kasafai yake iya cewa dare ya yi a kwana ba. Haka abin yake a sama, sai dai can babu gefen hanya da za a raɓe. A jirgin fasinja na kamfani, matuƙi bai san waɗanda ke bayansa ba, akwai ofishi guda da ke duba yanayi da nauyi da mai kafin a ba shi izinin tashi, kuma in ya juya ya koma babu wanda zai tuhume shi. A jirgin shata, wanda ya biya yana zaune taku uku daga bayansa, sau da yawa ba ƙofa a tsakani, ana jiransa a wurin ɗaurin aure ko jana'iza ko gangamin siyasa. Ba sai ya buɗe baki ba. Matuƙi ya san wa ya ɗauko.

Misalan da aka fi sanin cikinsu daga Amurka suke, saboda can ana buga rahoto har da maganganun da aka naɗa a ɗakin tuƙi. A ranar 29 ga Maris 2001 wani jirgin shata ƙirar Gulfstream ya faɗi wajen sauka a Aspen, mutum 18 suka mutu. Fasinjojin sun makara wajen tashi, filin yana da dokar hana sauka bayan duhu, mai shatar kuma ya nuna ɓacin ransa da aka ce mai yiwuwa a sauka a wani gari. Matuƙan suka sauko ƙasa da iyakar da aka ba su ba tare da sun ga titi sosai ba. A ranar 10 ga Nuwamban 2015 wani jirgin shata daga dangin HS-125, irin na Kano, ya faɗa kan wani gida a Akron, mutum tara suka mutu. Mataimaki ne ke tuƙi, ya buɗe faifan fukafukai gaba ɗaya tun lokaci bai yi ba, gudu ya ragu ƙasa da ƙima, babban matuƙin yana gani bai karɓi tuƙin ba, bai kuma ce a fasa ba. Hukumar bincike ba ta tsaya kan matuƙan ba. Ta ɗora laifi a kan kamfanin saboda sakaci wajen ɗaukar ma'aikata da horar da su, da kuma hukumar da ke sa masa ido.

A Nijeriya akwai ƙarin matsala. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana ba da takarda iri biyu. Mai son ɗaukar fasinja don kuɗi sai ya mallaki lasisin kasuwanci, wanda ke tattare da sharuɗɗa masu tsauri kan horon matuƙa, awannin hutunsu, gyaran jirgi da inshora. Mai jirgin kansa kuwa izinin zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba yake karɓa, mai sauƙin sharaɗi. Wasu sai su karɓi na biyun su riƙa aikin na farkon. A daren 3 ga Nuwamban 2023 jirgin Hawker 800XP da ya ɗauko Ministan Lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, daga Abuja ya taɓa ƙasa kafin ya kai bakin titin Ibadan, ya bugi fitilun shiga. Ba a rasa rai ba. Rahoton farko na masu bincike ya nuna izinin jirgin bai ba shi damar ɗaukar fasinja don kuɗi ba. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin masu jirage uku a watan Afrilu, sannan wasu goma a watan Yuli, Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti kan shatar da ba ta bisa ka'ida. Fasinjan da ya hau irin wannan jirgi ba ya ganin bambanci a kujera ko kafet. Iyalansa ne ke ganinsa in an zo maganar inshora.

Bincike da abin da ake yi da shi

A ka'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, manufar binciken hatsari ita ce hana aukuwar irinsa, ba neman wanda za a hukunta ba. Ana son rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in da hali, a buga shi kowa ya karanta. A 1996 Nijeriya ba ta da hukumar bincike mai cin gashin kanta. Sashe ne a cikin ma'aikatar sufurin jiragen sama. Dokar 2006 ce ta kafa hukumar bincike ta AIB, dokar 2022 kuma ta mayar da ita NSIB ta ƙara mata binciken hatsarin jirgin ƙasa da na ruwa. Ita ce ke kwance na'urorin naɗar bayanai da ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsu na lemo ne domin a gan su a cikin tarkace.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ICAO ke aiki a ƙarƙashinta, ba ta shafi jiragen soja da na hukuma ba, kuma nan giɓin yake. Bayan hatsarin Janar Attahiru rundunar sojan sama ta gayyaci AIB, aka ciro na'urorin, aka miƙa wa Babban Hafsan Sojan Sama rahoton wucin gadi a Satumban 2021, amma cikakken abin da ke cikinsa bai zo hannun jama'a ba. Wata uku kafin hatsarin na Kaduna, ranar 21 ga Fabrairu, wani King Air na sojan sama da ya nufi Minna ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titin Abuja da mutum bakwai. Hujjar tsaro tana da wurinta, sai dai King Air jirgi ne da 'yan kasuwa ma ke tuƙawa a filaye ɗaya da yanayi ɗaya, kuma darasin da aka kulle a ofis ba ya isa ga matuƙin shata da zai sauka Kaduna a daminar gaba.

Inda Zamfara ta shigo

Lokacin da jirgin Ibrahim Abacha ya faɗi a Kano, Talata Mafara da Bakura da Maradun suna cikin Jihar Sakkwato. Sai ranar 1 ga Oktoban wannan shekara ta 1996 gwamnatin Abacha ta ƙirƙiro Zamfara. Tun daga 1999 waɗannan garuruwa uku sun fitar da gwamnoni uku: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun. Yanki ne da manyan baƙi ba sa yankewa, amma jihar ta yi shekara da shekaru ba ta da filin da jirgin fasinja ke sauka, sai ɗan ƙaramin titi a Gusau. A tsawon wannan lokaci, mai zuwa Mafara ta sama yakan sauka a filin Sultan Abubakar III na Sakkwato ya ƙarasa da mota, alhazan jihar ma ta can suka saba tashi. Da hanyoyi suka lalace da matsalar 'yan bindiga, masu hali suka ƙara karkata ga jirgin shata, kuma lissafin tafiyar ya zama ana so a sauka da sauran rana domin a ci hanyar mota kafin magariba. Wannan ƙarin matsi ne a kan matuƙin da ya iso ya tarar da hazo.

Sararin samaniyar jihar ma yana da nasa tarihin. A ranar 2 ga Maris 2021, ranar da aka sako 'yan matan makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shawagin jirage a saman Zamfara tare da hana haƙar ma'adinai. A ranar 18 ga Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa ya yi tsalle da lema ya tsira.

A Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau. Tsawon titi da kyan ginin matafiya su ne ake nunawa a hoto, amma adadin ranakun da fili zai amfanu a hunturu ya dogara ne da wasu abubuwa daban: na'urorin sauka da hukumar NAMA ke kafawa, waɗanda sai an riƙa gwada su lokaci-lokaci da jirgi na musamman; ma'aikatan hukumar yanayi ta NiMet da ke auna nisan gani da nauyin iska su miƙa wa hasumiya; fitilun titi da janareton da zai karɓa nan take in wuta ta ɗauke; motocin kashe gobara daidai da girman jiragen da za su sauka; da shingen da zai hana dabbobi ratsa titi. Filin da ba shi da fitilu da na'urorin dare ana rufe shi ne da faɗuwar rana, kuma jirgin da ya makara dole ya ɗauki man da zai kai shi Sakkwato, Katsina ko Kano.